Jega, Ambursa, Kamba ko Yawuri: Ina Ya Kamata a Keɓe Filin Sito da Tashar Manyan Motoci a Kebbi?

Duk wanda ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Kwantagora ya san cewa manyan motocin da ke ɗauko kaya zuwa Jihar Kebbi a gefen titi suke kwana, a nan kuma suke sauke lodi. Tirela za ta tsaya a bakin kasuwa rabin jikinta a kan kwalta, yaron mota ya sa dutse a ƙarƙashin taya, 'yan dako su jingina katako su dinga sauka da buhu a ka suna ratsa tsakanin babura har su kai shi wani shago da tun farko don kayan tireda aka gina shi. Shagon ba shi da tagar shan iska, daɓensa daidai yake da ƙasar waje, kuma ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi buhunan da ke layin ƙasa su ne za su fara shan danshi. Jihar da ta yi suna da shinkafa da albasa, wadda kuma ta yi iyaka da Nijar da Benin, ta wuce a ce haka take ajiye dukiyarta. Saboda haka maganar keɓe fili na musamman domin sito-sito da tashar manyan motoci magana ce da lokacinta ya yi. Wurare huɗu ne sunansu ke fitowa idan aka zauna wannan shawara: mararrabar Jega zuwa Kalgo, kewayen filin jirgin sama na Ambursa, bakin iyaka a Kamba, da kuma Yawuri tare da Koko a kudu. A ganina babban filin tsakanin Jega da Kalgo ya kamata ya zauna, amma sauran ukun kowanne yana da aikin da ya fi Jega iyawa, kuma wanda zai zuba kuɗinsa ya cancanci a baje masa dalilan.

Kafin a kwatanta wuraren sai an san abin da ake nema a fili irin wannan, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Mutane suna auna girman ginin, su manta da motar da za ta shigo. Tirela mai jan bodi tsawonta ya haura mita 16, kuma kafin ta juya ta kawo bayanta bakin ƙofar sito tana bukatar sarari na kimanin mita 35 a gaban ginin. Idan aka haɗa wannan sarari da titunan ciki, da wurin jiran layi, da sikelin awon mota, da magudanan ruwa, da masallaci da banɗaki da wurin cin abincin direbobi, za a tarar cewa rufin kwano bai kamata ya ci fiye da kashi 40 cikin ɗari na filin ba. Ke nan wanda ya keɓe hekta 20, abin da zai rufe bai wuce hekta 8 ba. Bayan girma sai tudu, domin sito a fadama asara ce da ke jiran daminarta. Sai wutar lantarki da ruwa, sai tsaro, sai kusancin gari yadda lebura zai iya zuwa aiki ya koma gida ba tare da kuɗin mota ya cinye ladarsa ba.

Akwai kuma wata gaskiya da ta shafi duk wuraren huɗu. Jihar Kebbi ba ta da layin dogo. Reshen da ya fi kusa shi ne wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929, kuma tashoshin tudu da ake sauke kwantena a cikinsu suna Kaduna da Kano da Funtuwa. Duk abin da zai shigo Kebbi ko ya fita da yawa, a kan taya zai bi. Wannan ya sa mahaɗar tituna ita ce tashar jirgin ruwanmu, kuma duk wurin da ba ya kan mahaɗa ya fara da rauni tun kafin a aza tubali.

Da wannan ma'auni Jega ta yi wa sauran nisa. Babbar hanyar tarayya da ta taso daga Legas ta bi ta Ibadan da Ilori da Jebba da Kwantagora da Yawuri da Koko, a Jega take rabuwa: hannu ɗaya ya miƙe Tambuwal da Sakkwato har Illela, ɗaya ya juya Kalgo da Birnin Kebbi. A Kalgo kuma wata hanyar ta ɓalle zuwa Bunza da Kamba. Ma'ana, motar da ta ɗauko taki ko sukari ko kayan gini daga kudu sai ta taka Jega, motar simintin da ta taso daga Kalambaina a Sakkwato za ta kudu sai ta taka Jega, haka nan wadda ta ɗauko albasar Aliero, garin da ke maƙwabtaka da Jega a kan hanyar Sakkwato. Ɗan kasuwar da ya ajiye kaya a nan zai iya tura ƙaramar mota Birnin Kebbi ta je ta dawo fiye da sau ɗaya a yini, ya tura wata Sakkwato ko Kamba ko Koko ta kwana a gida. Babu wani gari a jihar da ke da wannan gata.

Abu na biyu da Jega ke da shi, wanda ba a iya saye da kuɗin gwamnati, shi ne mutanen sana'ar. Gari ne na fatauci tun kafin zuwan Turawa, kuma har yau akwai dillalai da 'yan kamasho da 'yan dako da makanikai da masu faci da masu sayar da kayan gyaran manyan motoci. Direban da ya taso daga Legas idan motarsa ta sami matsala ya san wanda zai kira a Jega. An sha gina kasuwanni da tashoshi a wurare daban-daban na ƙasar nan a bayan gari mai nisa, aka yi bikin buɗewa, sannan 'yan kasuwa suka ƙi komawa saboda cinikinsu ba can yake ba. Filin sito da aka kafa inda kaya suka riga suka saba tsayawa ba ya bukatar a roƙi kowa ya shiga.

Sai dai Jega tana da aibobinta, kuma ba ƙanana ba ne. Garin yana bakin Gulbin Zamfara, wanda ke gangarawa ya haɗu da Gulbin Sakkwato, kuma ƙasar da ke kusa da gulbin takan sha ruwa a shekarar da damina ta yi ƙarfi. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar ta kuma yanke hanyoyi, ta nuna iyakar inda ruwa ke iya kaiwa, kuma duk filin da ruwan wannan shekarar ya taɓa bai kamata a ko saka shi cikin lissafi ba. Dattawan ƙauyukan da ke kewaye sun san wannan iyaka fiye da kowace taswira, kuma ya kamata mai safiyo ya zagaya da su da ƙafa kafin ya kafa turaku. Na biyu, cikin garin ya riga ya cushe, kuma duk wanda ya kawo shawarar a faɗaɗa sito a kusa da tsohuwar kasuwa yana ƙara wa wuta mai ne kawai. Na uku, ƙasar bakin titi ta yi tsada, an kuma yayyanka ta fuloti-fuloti a hannun mutane da yawa, yadda tara hekta 20 a dunƙule zai zama doguwar shari'a.

Shi ya sa nake cewa tsakanin Jega da Kalgo, ba cikin Jega ba. A wannan tsakani akwai tudu da za a iya zaɓa, ƙasar ba ta kai ta cikin gari tsada ba, kuma wurin yana kallon hanyoyi uku a lokaci guda: ta Sakkwato da kudu, ta Birnin Kebbi, da ta Kamba. Yana kuma kusa da babbar tashar wutar lantarki ta Birnin Kebbi, inda layin da ya taso daga Kainji mai ƙarfin kilobolt 330 yake sauka, wanda daga nan ne ake tura wuta Sakkwato da Jamhuriyar Nijar. Kusanci da tashar ba ya nufin wuta za ta zauna kullum, amma jan layi na musamman daga nan ya fi sauƙi da araha a kan jan shi zuwa Kamba. Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba: kada a jera sito-sito a bakin kwalta kowanne da ƙofarsa. Hanyar tarayya tana da haraba ta mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, wadda doka ta hana gini a cikinta, kuma filin ya kamata ya ja baya fiye da haka, a yi masa mashiga ɗaya da mafita ɗaya masu faɗi. Idan ba haka ba, cunkoson da ake gudu a Jega shi za a kwashe a kai gaba.

Ambursa ita ce wadda ta fi daɗin faɗi a taron manema labarai, domin kalmar filin jirgin sama tana da kwarjini. Filin jirgi na Sir Ahmadu Bello yana can a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, daga nan alhazan jihar ke tashi, ƙasar da ke kewaye da shi shimfiɗaɗɗiya ce, kuma akwai jami'an tsaro dare da rana. Amma a tambayi kai wane kaya ne Kebbi ke fitarwa wanda zai iya biyan kuɗin jirgi. Shinkafa da albasa da gero da siminti kaya ne masu nauyi da ƙarancin riba a kan kowane kilo, kuma kuɗin ɗaukar buhu ɗaya a jirgi ya ninka kuɗin buhun kansa. Jirgin sama na kayan da ke da tsada ne ko masu saurin lalacewa, irin su magunguna da alluran rigakafi da kayan waya. Bayan haka akwai hani biyu da masu sha'awar Ambursa ba su cika ambata ba. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama tana taƙaita tsayin gini a kewayen filin jirgi, wanda zai shafi dogayen rumbunan ƙarfe. Sannan inda duk ake zuba hatsi tsuntsaye suna taruwa, kuma garken tsuntsu a kusa da titin saukar jirgi haɗari ne da babu matuƙin da ke wasa da shi.

Abin da ke ba hanyar Ambursa nauyi na gaskiya shi ne Argungu da ke gabanta. Kamfanin casar shinkafa na WACOT, wanda Farfesa Yemi Osinbajo ya buɗe a 2017 yana muƙaddashin shugaban ƙasa, an gina shi ne da ƙarfin sarrafa tan 120,000 a shekara. Idan aka raba wannan da tan 30 da tirela ke ɗauka, wato buhu 600 masu kilo 50, za a sami lodi 4,000 a shekara kafin a ƙirga abin da zai fito, kuma ba a shimfiɗe suke zuwa ba, a kakar girbi suke taruwa. Ga kuma kamfanin Labana a Birnin Kebbi da ƙananan injinan casa da suka yawaita tun bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a wannan jiha a watan Nuwamban 2015. Wannan zirga-zirga tana bukatar wurin tara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, da busar da ita, amma a nesa da katangar filin jirgi. Abin da ya dace da kusa da filin jirgin shi ne ɗan fili madaidaici domin ɗakunan sanyi na magani da kayan da ke bukatar tsaro sosai, a keɓe shi a takarda yanzu, a gina shi ranar da jiragen kaya suka fara sauka a kai a kai.

Kamba ce ta fi wahalar yanke hukunci, domin ribarta da haɗarinta duka manya ne. Tana Ƙaramar Hukumar Dandi, ƙetarenta Gaya ce ta Nijar, ƙetaren Gaya kuma Malanbil ce ta Benin a ɗaya gaɓar Kogin Neja, inda hanyar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano take ƙarewa. Ƙasashe uku ne suka haɗa kai a wuri ɗaya, mutanensu suna jin harshen juna, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna tun kafin a ja iyaka. Ɗan kasuwar da ke kai kayan masana'antun Nijeriya Dosso da Yamai, ko mai shigo da wake da dabbobi, babu inda ya fi masa Kamba. Motocin da ke jiran takardun kwastan suna bukatar fili mai katanga da sikeli da wurin duba kaya a inuwa, kuma rashin wannan ne ke sa ana ganin jerin motoci a kan hanya kwana da kwanaki.

Amma tarihin 'yan shekarun nan ya isa ya sa mai kuɗi ya yi taka-tsantsan. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, kuma a cikin wannan shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disambar 2020, har da Illela, Kamba ba ta cikinsu, sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ba a daɗe ba sojoji suka karɓi mulki a Nijar a Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, iyaka ta sake rufuwa har zuwa Maris na 2024, daga baya kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar gaba ɗaya. A cikin shekara biyar daga 2019 zuwa 2024, lokacin da ƙofar Kamba ta yi a rufe ya fi wanda ta yi a buɗe. Wanda ya ci bashin banki ya gina sito a can a 2018, ba laifinsa ba ne, ba kuma laifin mutanen Kamba ba ne, amma shawarar da aka yanke a Abuja da Yamai ita ta hana shi haya, kuma banki ba ya jiran a buɗe iyaka. Sito a Jega idan iyaka ta rufe zai ci gaba da cin kasuwar cikin gida, amma sito a Kamba hanya ɗaya yake kallo.

Akwai kuma abin da masu hatsi suka sani sarai. Buhun shinkafa da aka ajiye a bakin iyaka kullum yana ƙarƙashin zargin fasa-ƙwauri ko da a fadamar Bunza aka noma shi, kuma mai shi zai sha tambaya a kowane shinge kafin ya kai Kalgo. Wannan kaɗai ya isa ya hana Kamba zama wurin ajiye amfanin gonar jihar. Don haka shawarata a kan Kamba ita ce a keɓe fili mai faɗi tun yanzu da ƙasa ke da sauƙi, a zagaye shi, a daddaɓe shi da tsakuwa, a sa fitila da ruwa da sikeli, amma a taƙaita gini mai tsada. Farfajiyar ajiye motoci idan ciniki ya tsaya ba ta cin kowa bashi mai yawa, idan kuma ya dawo cikin mako guda za ta cika. Haka nan za a yi tunani game da ɓangaren Bagudo, inda hanyar Ka'oje da Tsamiya ke fita zuwa Benin.

Yawuri da Koko aikinsu daban ne. Yawuri ita ce ƙofar jihar daga kudu, tana bakin Kogin Neja a saman tafkin da madatsar Kainji ta haifar tun 1968, kuma jiragen ruwa na katako suna kawo mata kifi da hatsi da albasa daga ƙauyukan gaɓa da tsibirai. Wannan sufuri na ruwa yana da muhimmanci ga mutanen yankin, kuma hatsarin jirgin da ya auku kusa da Warra a Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya nuna yadda ake bukatar mashigi mai kyau da awon lodi. Amma ruwan ba ya kai manyan kaya teku, saboda haka kada a gina lissafi a kan mafarkin tashar jiragen ruwa. Koko kuwa mararraba ce ta biyu bayan Jega, domin daga nan hanyar Mahuta da Dabai ke shiga ƙasar Zuru mai dawa da masara. Raunin yankin shi ne nisa daga manyan kasuwannin Birnin Kebbi da Sakkwato, da kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi ƙasar Zuru da kewayen Yawuri, wadda sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021 ya fito da ita fili. Ni a nan tashar kwanan direbobi mai katanga da tsaro nake gani, tare da matsakaitan sito na tara amfanin gona kafin a ɗora wa babbar mota. Direban da ya kwana biyu a hanya daga Legas yana bukatar inda zai yi barci da ido biyu a rufe, kuma wannan ma aikin yi ne ga masu abinci da makanikai da masu gadi.

Irin kayan da mutum ke juyawa shi ma yana sauya amsar, kuma wannan ya shafi yadda za a raba filin a ciki. Shanshera sai danshinta ya sauka zuwa kashi 14 cikin ɗari kafin ta zauna lafiya a buhu, don haka mai ita yana bukatar daɓen shanya mai faɗi, da sito mai tsayin daɓe daidai da bayan mota, da katakon da za a jera buhu a kai nesa da bango. Albasa kuwa gaba take da rufaffen ɗaki. Manomin Aliero da ke zuba ta a rudu, a kan shimfiɗar kara da ke sama da ƙasa, ƙarƙashin rufin ciyawa, yana shiga lokaci-lokaci yana tsince wadda ta fara ruɓa kafin ta shafi 'yan uwanta, ya fahimci abin da injiniya zai gina masa: iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Wanda ya zuba albasa a siton siminti mai rufin kwano a watan Afrilu zai kwashe ruwa da wari. Taki da maganin feshi ba sa zama kusa da abinci, tankokin mai kuma suna bukatar nasu ɓangaren can gefe da tazarar kashe gobara. Fili ɗaya zai iya ɗaukar duka, in dai an raba shi tun a taswira.

Maganar mallakar ƙasa ita ce inda irin wannan aiki ya fi mutuwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, amma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da shuka da itatuwa. Manomin da aka karɓi gonar gadonsa aka biya shi kuɗin geron shekara ɗaya an cika doka, amma ba a yi masa adalci ba, kuma ƙauyen da aka yi wa haka ba zai zama maƙwabcin kirki ga dukiyar da aka tara a gefensa ba. Ya kamata a zauna da hakimi da dagatai da masu gonakin kansu, a ba da musayar gona inda ta samu, a rubuta cewa 'ya'yan wurin ne za a fara ɗauka aikin dako da gadi. A kuma duba burtali da mashayar dabbobi, domin katangar da ta toshe hanyar shanu rigima ce da za a gada. Bayan an karɓi filin, ina ganin kuskure ne a yanka shi a rabar. Idan aka ba da fuloti da takardar mallaka, masu hannu da shuni za su saye su ajiye suna jiran tsada, bayan shekara goma a tarar da gidajen kwana da gidajen mai a inda aka yi niyyar sito. Haya mai tsawon shekaru, da sharaɗin cewa wanda bai gina ba cikin wa'adi za a karɓe, ita ta fi tsare manufar.

Ga ɗan kasuwa ɗaya da ke shawarar inda zai sa kuɗinsa, ba sai ya jira gwamnati ba. Mai rarraba kayan masarufi ko siminti ko taki ya nemi tudu a tsakanin Jega da Kalgo. Mai sayen shanshera ya matsa kusa da injinan Birnin Kebbi da Argungu. Mai cinikin ƙetare ya kama haya a Kamba, ya bar babban sitonsa a cikin ƙasa.

Abu ɗaya ne zai iya sauya wannan lissafi, shi ne sabuwar babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka fara aikinta a 2024, kuma kilomita 258 daga ciki a Jihar Kebbi suke. Hanya irin wannan ba ko'ina ake hawa ko sauka daga kanta ba, sai a mahaɗun da aka tsara, kuma filin da ke kallon ta amma ba shi da mashiga bai fi gonar da ke bayan dutse amfani ga mai tirela ba. Idan aka kammala ta, wani kaso na motocin kudu zai bar tsohuwar hanya, kuma wurin da sabuwar ta gitta hanyoyin da ke shiga Birnin Kebbi zai yi daraja nan take. Wannan bai rushe zaɓin Jega da Kalgo ba, domin kasuwa da masu sana'a ba sa tashi dare ɗaya, amma ya wajabta wa ma'aikatar filaye ta jiha ta karɓi taswirar mahaɗun daga ma'aikatar ayyuka ta tarayya, ta dakatar da ba da takardun fuloti a kewayensu har sai an fitar da tsari, sannan ta zaɓi filin farko a ɓangaren da zai iya kaiwa ga tsohuwar hanya da sabuwar ba tare da tirela ta ratsa cikin gari ba.